Yadda Ake Tantance Kamfanin Fasaha Kafin a Zuba Masa Jari a Harkar Talabijin na Dijital

Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka da Madina da Riyad, musamman waɗanda suka daɗe suna sana'a ko aikin albashi har suka tara ɗan abin hannu, ba sa rasa masu kawo musu tayin kasuwanci daga gida. A cikin irin tayin da ke yawan zuwa, ta waya ko ta bakin ɗan'uwan da ya zo Umra, akwai na kamfanonin da ke cewa za su ci gajiyar sauya talabijin daga tsohon tsari na analog zuwa na dijital a Najeriya ko Nijar. Maganar takan zo da daɗin ji: gwamnati ta kusa kashe tsohon tsari, dole kowane gida ya sayi dikoda, gidajen kuwa miliyoyi ne, saboda haka wanda ya riga shiga shi zai kwashi kaso mafi tsoka. Sauyin gaskiya ne, kuma akwai kuɗi a cikinsa, amma a ganina kuɗin ba ya wurin da mafi yawan masu tayin suke nunawa. Abin da mai jari yake buƙatar ya gano, tun yana zaune a Saudiyya, shi ne ko kamfanin da ake kiran sa gare shi yana da mai biyan sa a yau, ko kuwa zaman jiran wata rana yake yi wadda gwamnati ta yi alkawarinta.

Da farko, ka san abin da ake sauyawa

A tsohon tsari, kowace tashar talabijin tana cinye zango guda ita kaɗai, wato yankin mitar iska da ake watsa shiri a kansa, mai faɗin megahaz 8 (ma'aunin mita) a ɓangaren mitoci na sama da ake kira UHF, kuma tana buƙatar nata dogon ƙarfen, da na'urar watsa shirye-shirye, da janareta, da ma'aikatan da za su kwana suna gadin su. A tsarin dijital ana matse hoto da sauti a mayar da su lambobi, sannan a haɗa tashoshi masu yawa a zango ɗaya. Abin ya yi kama da motar haya wadda a da mutum ɗaya ke ɗaukar shatarta ya tafi shi kaɗai, yanzu kuwa ita ɗin ce take tashi cike da fasinja. Da tsarin DVB-T2, wanda mafi yawan ƙasashen Afirka suka zaɓa, zango ɗaya yana iya ɗaukar tashoshi goma sha biyar zuwa ashirin masu hoto na yau da kullum, ko kuma 'yan kaɗan masu hoto garau na HD.

Wannan haɗawar ita ce ta sauya fasalin kasuwar. Tashar talabijin ta daina zama mai shirya shiri kuma mai watsa shi a lokaci guda. Aikin watsawa ya koma hannun wani kamfani na daban, wanda tashoshi ke biyan sa kuɗin ɗauka. Tsofaffin akwatunan talabijin ba sa gane sabon saƙon sai an haɗa musu dikoda. Sannan zangon da aka kwashe tashoshi daga cikinsa, wato na megahaz 800 da na 700, ya zama babu kowa a kai, alhali shi ne zangon da kamfanonin wayar salula suka fi kwaɗayi, domin yana tafiya nesa kuma yana ratsa bango. A Amurka, gwanjon zangon 700 a shekarar 2008 ya tara kimanin dala biliyan 19. A Najeriya, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, NBC, ta ba wa kamfanin MTN wani yanki na wannan zangon a 2015 a kan naira biliyan 34. Duk wanda zai yi maganar riba a wannan sauyi ya kamata ya fara sanin cewa dukiya mafi girma da sauyin ya fitar ba ta cikin talabijin ɗin kansa, ta tafi wajen gwamnatoci da kamfanonin da ke sayar wa mutane data.

Kada ka gina lissafinka a kan ranar gwamnati

Asalin wa'adin da ake yawan ambatawa ya fito ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Jeniba a 2006 ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ta haɗa ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. An tsayar da 17 ga Yunin 2015, aka kuma ba wasu ƙasashe ƙarin lokaci zuwa 2020 a ɓangaren VHF, wato mitocin da ke ƙasa da UHF. Abin da masu tayi ba sa bayyanawa shi ne ma'anar wannan rana. Yarjejeniyar ba ta ce za a zo a kashe wa kowace ƙasa na'urarta ba. Cewa ta yi daga wannan rana tashar analog ta rasa kariya idan watsawar maƙwabciyar ƙasa ta yi mata katsalandan. Saboda haka ƙasa tana iya wuce wa'adin da shekaru masu yawa ba tare da wani ya ci ta tara ba, kuma haka ɗin aka yi.

Najeriya ta sa wa kanta 2012, ta sa 2015, ta sa 2017, duk suka wuce. An yi gwajin farko a Jos a watan Afrilun 2016 da sunan FreeTV, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, sai Ilori da Kaduna a 2017, sai Enugu da Oshogbo a 2018, daga nan aka yi shiru har zuwa 2021 da aka ƙaddamar a Legas da Kano. Ƙaddamarwa kuma ba ita ce kashe analog ba, domin ana iya yin biki a yanke kyalle, tsohon tsarin kuma ya ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa da sabon. Afirka ta Kudu, duk da ƙarfin tattalin arzikinta, ta sha ɗage ranar, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke wa'adin da gwamnati ta sa a 2022 saboda gidajen talakawan da za su rasa kallo. Ƙasashen da suka yi ta maza ma ba su tsira da sauƙi ba: Tanzaniya ta kashe analog a Darussalam ranar 31 ga Disambar 2012 alhali gidaje da yawa ba su mallaki dikoda ba, a Kenya kuwa manyan tashoshin Citizen da NTV da KTN sun yi kusan mako uku ba sa kan iska a farkon 2015 saboda taƙaddama da hukuma a kan wanda zai riƙa ɗaukar shirye-shiryensu.

Dalilin wannan jan ƙafa ba ɓoyayye ba ne. Babu gwamnatin da ke son ta wayi gari talakawa sun kunna akwati sun ga duhu, musamman idan zaɓe ya ƙarato, kuma kuɗin kafa na'urori a faɗin ƙasa da rage wa jama'a farashin dikoda yana da nauyi. Don haka idan aka kawo maka takardar kasuwanci, nemi shafin da aka yi hasashen ciniki, ka tambayi mai ita kai tsaye: idan an ƙara shekara biyar ba a kashe analog ba, nawa kamfanin nan zai samu a wata? Idan amsar ta zama kame-kame, to jarin da za ka zuba zai zauna ne yana jiran sa hannun wani minista.

Dikoda: inda aka fi kiran mutane, inda kuma aka fi ƙonewa

Zan daɗe a kan wannan ɓangare da gangan, domin kusan duk tayin da ke isowa ga ƙaramin mai jari a kansa yake. Dikoda kaya ne da ake saye sau ɗaya. Gidan da ya saya ba zai dawo ba sai ta lalace, ribar da ke kan kowace guda ƙarama ce, kuma kusan dukkan abin da ke cikinta, daga ƙwaƙwalwar na'urar har zuwa rimot, daga Chaina ake shigo da shi da dala. Kamfanin da ke cewa yana ƙera ta a gida, galibi haɗawa yake yi, wanda ba laifi ba ne, amma yana nufin duk lokacin da dala ta motsa farashinsa ya motsa, mai saye kuwa aljihunsa bai motsa ba.

A Najeriya akwai ƙarin sarƙaƙiya. NBC ta ba kamfanoni 13 lasisin samar da dikodar FreeTV, an sayar da ta farko a kan farashi mai rangwame na naira 1,500 saboda tallafin gwamnati, aka kuma ɗora kuɗin shekara na naira 1,000. Kasuwar da farashinta ya dogara da tallafi tana tafiya ne gwargwadon yadda baitulmali ke sakin kuɗi; idan aka daina saki, kwalaye sukan zauna a sito suna shan ƙura, fasahar cikinsu tana tsufa. A gefe guda kuma StarTimes, wadda ta shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, da GOtv ta kamfanin MultiChoice da ta biyo baya a 2011, sun riga sun cika gari da nasu dikodar tun kafin shirin gwamnati ya kankama. Waɗannan kamfanoni suna iya sayar da akwatin a ƙasa da abin da suka kashe a kansa, domin abin da suke hange shi ne kuɗin wata-wata. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da kuɗin wata-wata ba zai iya ja da mai sayarwa da faɗuwa da gangan ba.

Sai kuma abin da kowa ke iya gani a shagunan kayan lantarki na nan Saudiyya: sababbin akwatunan talabijin da yawa suna zuwa da na'urar kama dijital a cikinsu, wasu har da ta tauraron ɗan'adam, ga kuma intanet. Kowace shekara da aka ƙara ana jira, adadin gidajen da za su buƙaci dikoda daban yana raguwa. Ban ce babu mai cin abinci a sayar da dikoda ba. Dillalin da ke sara kaɗan-kaɗan yana juyawa cikin makonni yana samun na cefane. Abin da nake jan kunne a kai shi ne a kulle jarin shekaru a cikin kwantena guda bisa zaton gobe za a yi layi.

Abin da rufin gidajen Jidda ke koyarwa

Mazaunin Saudiyya yana da wata fa'ida da ɗan'uwansa na gida ba shi da ita, domin yana zaune a kasuwar da ta riga ta wuce wannan mataki. Ka hau rufin kowane bene a Jidda ka duba. Za ka tarar da dish jere-jere, wasu sun yi tsatsa saboda ɗanshin teku, kusan dukkansu sun karkata ɗayan ɓangare biyu, ko dai wajen taurarin Arabsat a digiri 26 gabas, ko na Nilesat a digiri 7 yamma. Mai ɗaurawa yakan hau da mitar sigina rataye a wuyansa, ya sassauta noti, ya riƙa juya farantin a hankali har ƙarar mitar ta tashi, sannan ya ɗaure, ya karɓi kuɗinsa a take. Eriyar kama tashar ƙasa kuwa da wuya ka gan ta, duk da cewa masarautar ta fara watsa dijital ta ƙasa tun 2006. Jama'a sun zaɓi inda tashoshi suka fi yawa kuma kyauta, ba su jira tsarin kowa ba. Yanzu ma dish ɗin kansa yana fuskantar barazana, domin yaran gida sun koma waya, kuma kamfanin talabijin irin MBC, wanda ya mayar da hedikwatarsa Riyad daga Dubai a 2022, ya zuba ƙarfinsa a Shahid, manhajarsa ta kallon shirye-shirye ta intanet.

Arewacin Najeriya da Nijar suna kan wannan hanyar, ko da tafiyar ba ɗaya ba ce saboda tsadar data da ƙarancin wuta. Dish na kyauta ya daɗe da shiga ƙauyuka, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta tauraro ta isa ga jama'a, masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango sun koma YouTube, ita kanta NBC a 'yan shekarun nan ta karkata ga amfani da tauraron NigComSat wajen ƙarasa shirin. Kamfanin da duk tsarinsa ya rataya a kan hanya ɗaya tak, ta dogon ƙarfe da eriya, yana cikin haɗari. Wanda aikinsa zai ci gaba ko ta ƙarfe aka bi, ko ta tauraro, ko ta waya, shi ne ya cancanci a saurare shi.

Ire-iren kamfanonin da suka cancanci a duba

Kamfanonin ɗaukar shirye-shirye, irin su ITS da ya fito daga NTA da kuma Pinnacle a Najeriya, harka ce ta biliyoyi da lasisi ƙalilan, ba wurin ƙaramin mai jari ba ne, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Abin da ke kewaye da su ya fi dacewa da mu. Kowace tashar watsawa da kowane ƙarfen sabis yana buƙatar wuta dare da rana, kuma tun da man dizal ya yi tsada, kamfanin da ke kafa sola da batir da inbata yana kuma kula da su bisa kwangilar shekara-shekara yana da mai biyan sa ko an kashe analog ko ba a kashe ba. Haka kamfanin da ke da ƙwararrun matasa masu ɗaura dish, da ja wayar fayiba, da gyaran dikoda da talabijin. Aikin ba shi da ƙyalƙyali, ba a yi masa bikin buɗewa a otal, amma kuɗinsa na shigowa kullum.

Sai masu samar da shirye-shirye. Idan zango ɗaya ya ɗauki tashoshi ashirin, kowace tana buƙatar abin da za ta cika sa'o'i 24 da shi, kuma masu jin Hausa miliyoyi ne daga Kano zuwa Damagaram, zuwa zangunan Ghana, zuwa Sudan, zuwa nan ƙasa mai tsarki. Kamfanin da ke da ɗakin ɗaukar shiri, ko mai fassara da ɗora murya, ko mai shirya darussan yara da karatun malamai da labarun noma da kasuwa, yana iya sayar da shiri ɗaya ga tasha, ya sake sa shi a intanet, ya sake sayar da shi bayan shekara biyu. A nan tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta haƙƙin mallaka. Ka nemi ganin takardun da suka nuna cewa shirye-shiryen na kamfanin ne, ba na daraktan da zai iya ficewa gobe da su ba, kuma ka duba ko an sayar wa wata tasha da su har abada ko na wani wa'adi. Ka kuma san cewa yawan masu kallo ba shi ne yawan kuɗi ba. Manyan kamfanonin da ke raba kuɗin talla a Legas suke, suna neman alƙaluman da za su gamsar da su kafin su saki kuɗi, kuma tallar da YouTube ke biya a kan mai kallo a Afirka ta Yamma ba ta kai wadda yake biya a kan mai kallo a ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha ko Turai ba. Wannan ma dalili ne da zai sa ka tambayi daga wace ƙasa masu kallon kamfanin suke.

Akwai kuma ƙananan kamfanonin manhaja, masu tsara hanyar biyan kuɗin wata ta waya, ko ƙididdigar masu kallo, ko sarrafa jadawalin tasha. Jarin da suke buƙata kaɗan ne, amma dukiyarsu tana cikin kan mutum biyu ko uku, saboda haka kafin komai ka san abin da zai riƙe waɗannan mutane a kamfanin.

Wanda ba ya da lokacin bin diddigin ƙaramin kamfani yana da wata hanya, wato sayen hannun jari a manyan kamfanonin da suka ci moriyar zangon da aka saki. Mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, yana iya buɗe asusun zuba jari ta bankinsa ya sayi hannun jari a kasuwar Tadawul, inda ake samun kamfanonin waya na stc da Mobily da Zain, da kuma MBC da ta shiga kasuwar a farkon 2024. A kasuwar hannayen jari ta Legas akwai MTN Najeriya da Airtel Afirka, waɗanda dukansu suka shiga a 2019. Farashi a nan yana hawa yana sauka, babu mai lamunce maka riba, amma kamfanonin suna wallafa rahoton kuɗinsu, kuma ranar da ka so fita akwai mai saye.

Binciken da ba a tsallakewa

Idan ka ga kamfanin da ya kwanta maka, fara da rajistarsa. Hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, CAC, tana da shafin da kowa ke iya neman sunan kamfani a kai daga ko'ina, kuma lauya zai iya ciro maka sunayen daraktoci da masu hannun jari. Daga nan sai lasisi: harkar watsa shirye-shirye ta NBC ce, harkar sadarwa da amincewa da na'urorinta ta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce, kayan da za a shigo da su kuma suna buƙatar takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya. Kada ka gamsu da hoton takarda da aka turo ta WhatsApp. Ka lura da sunan da ke kan lasisin, domin sau da yawa lasisin na wani kamfani ne, wanda ke yi maka tayi kuwa wakili ne kawai ko ma mai fatan zama wakili.

Bayan takardun hukuma, nemi bayanan asusun banki na kamfanin na aƙalla shekara guda, ka bi su wata bayan wata, kana neman abu ɗaya: su wane ne ke turo kuɗi, kuma sau nawa suke turowa. Kamfanin da mutum ɗari ke biyan sa kaɗan-kaɗan ya fi wanda abokin cinikinsa guda ne kwanciyar hankali, balle idan wannan gudan ma'aikatar gwamnati ce. Takardar ba da kwangila ba kuɗi ba ce. Ka nemi shaidar abin da aka riga aka biya, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a biya. Sannan ka tura mutum ya je ya gani da idonsa, kuma kada ya zama ɗan'uwan mai tayin ko wanda zai ji nauyinsa. Ya shiga sito ya ƙirga kwalaye, ya je ba tare da sanarwa ba ya ga ko ma'aikata suna nan, ya zauna da kwastoma biyu ko uku. Wanda ya tura riyal dubbai bisa bidiyon minti biyu ya yi cinikin biri a sama.

Lissafin canji

Kai da riyal kake tarawa, riyal kuwa a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Naira ba haka take ba. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, tana kusan 750 a hannun 'yan canji, amma bayan an saki farashin a watan Yunin shekarar, ta haura 1,500 a farkon 2024. Mu ɗauki misali don a ga nauyin abin. Wanda ya tura riyal 100,000 a farashin 750 ya sami naira miliyan 20. A ce kasuwar ta yi albarka, cikin shekara ɗaya jarin ya zama miliyan 30. Idan ya juya shi a farashin 1,500, dala 20,000 zai samu, wato riyal 75,000. A littafin kamfani an ci ribar rabin uwar kuɗi, a aljihunsa kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Saboda haka ka yi duk lissafinka da riyal, kuma ka fifita kamfanin da wani ɓangare na kuɗin shigarsa dala ne ko riyal, a kan wanda ke saye da dala yana sayarwa da naira. A Nijar, sefa a ɗaure take da yuro, abin da ke rage wannan matsalar, sai dai kasuwar ta fi ƙanƙanta.

Idan jarin yana da yawa kuma kana son wata rana ka dawo da riba ta hanyar banki, to ka shigar da shi Najeriya ta banki, ka kuma nemi takardar shaidar shigo da jari, wadda ake kira CCI. Kuɗin da ya bi ta hannun mutane yana iya isa da sauri, amma ba ya barin shaidar da za ka kafa hujja da ita ko a banki ko a kotu.

Dokar ƙasar da kake zaune

Wasu kan yi tunanin buɗe shagon risiba da dish a nan, ko ɗan kamfanin fitar da kaya zuwa gida, da sunan wani ɗan ƙasa alhali dukiyar da juyawar tasu ce. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, ban da ƙwace dukiya da korar baƙo daga ƙasa. Ko ba a kama mutum ba, a takarda ba shi da komai, ranar da aka saɓa kuwa ba shi da inda zai kai ƙara. Hanyar da doka ta sani ita ce ta Ma'aikatar Zuba Jari da sijillin kasuwanci da sunan mai dukiya. Haka nan tara kuɗin jama'a da alkawarin juya musu, ko da a tsakanin 'yan gari ɗaya ne, abu ne mai buƙatar izinin hukuma, don haka duk wanda ya ce ka tattaro masa abokanka a haɗa jari a asusunka yana jefa ka cikin abin da ya fi ƙarfinka. Wajen turawa kuma ka tsaya ga banki ko kamfanin da ke da lasisin babban bankin Saudiyya, ka adana kowane rasit.

Rubuta yarjejeniya

Kunya ita ce ke hana da yawa daga cikinmu neman a rubuta, musamman idan mai tayin yaya ne ko suruki ko abokin mahaifi, alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ko mudaraba za a yi, kai da kuɗi shi da aiki, ko musharaka, kowa da nasa kason a cikin jari, ribar ana raba ta ne da kaso cikin ɗari na abin da aka samu. Wanda ya ce zai riƙa ba ka adadi tsayayye duk wata kuma uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba ya fita daga wannan tsari a shari'ance, a kasuwance kuma alama ce da ya kamata ta tsorata ka. Tunda harkar ta kallo ce, ka sa a rubuta irin shirye-shirye da tallace-tallacen da ba ka yarda kuɗinka ya shiga ba, ka tuntuɓi malamin da ya san fiƙihun ciniki tun kafin sa hannu.

Yarjejeniyar ta fayyace kason da ka mallaka, a kuma shigar da sunanka a rajistar CAC cikin wa'adin da aka ambata, ta ba ka damar ganin asusun banki duk wata, ta kuma hana a ci bashi da sunan kamfani ko a shigo da sabon mai jari ba da saninka ba. Kada ka saki kuɗin gaba ɗaya. Raba shi kashi uku ko huɗu, kowane kashi a ɗaure shi da aikin da za a iya gani, kamar isowar kaya sito, ko kafa sola a wurare kaza, ko miƙa shirye-shirye kaza ga tashar da ta biya. A ƙarshe a rubuta yadda za ka fita: wa ke da haƙƙin fara sayen kasonka, wa zai ƙiyasta darajarsa, cikin wata nawa za a biya ka kuma da wane kuɗi, da abin da magadanka za su karɓa idan ta Allah ta kasance kafin wa'adin ya cika.